Wajen kaunsilin ɗin da naje akan tsoron shiga mutane, ga yadda na same shi

Mutane da yawa sun min magana ta inbos suna tambaya wai wajen nan da nake zuwa a Kaduna yana da amfani ko ɓarnar kuɗi ce kawai, toh bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Bazan kama sunan wajen ba saboda akwai abubuwan da zan faɗa da basu min daɗi ba, amma ƙaramin waje ne mai zaman kansa, mace ce ke gudanar dashi, masaniyar halayyar ɗan adam ce ba likitar da ke rubuta magani ba, Hajiya kowa ke ce mata.

Abun da ya kaini shine tsoron mutane. Mu nan yaro in baya magana sai ace masha Allah yana da kunya, yana da kawaici, ana yabonsa har ya girma a haka ba wanda zai kawo a ransa cewa wahala yake sha. Ni kuwa nasan nawa ya wuce kunya, domin mai kunya yana zuwa ɗaurin aure ya gaisa da manya ya ci abincinsa ya tafi, ni tun ana saura sati nake fara neman dalilin da zan bayar na rashin zuwa. In aka tada sallar magariba liman bai zo ba aka waiwayo akace malam bismillah, wallahi gabana faɗuwa yake, tafin hannu ya jiƙe, murya tana rawa a Fatihar da nake karantawa tun ina yaro, shiyasa na koma sai naji an kabbara nake shiga masallaci. Ko waya aka kira da baƙuwar lamba sai in zuba mata ido har ta tsinke.

Abu na farko da ya burgeni dasu, ta WhatsApp ake kama lokaci ba sai ka kira ba, kuma duk wanda yasan wannan ciwon yasan wannan ba ƙaramin abu bane. Wajen ma ba wani ƙaton allo a ƙofa da zaisa maƙota su gane me ya kawoka.

Zaman farko tambayoyi ne yawanci. Tun yaushe, a wane irin waje, me kake tsoron zai faru, me ya hanaka yi a rayuwa. Tace min su abun da suke dubawa shine tsoron ya kai wata shida ko fiye, ya zama akan idon mutane ne da abun da zasu ce, kuma yana taɓa aiki ko karatu ko zumunci, kuma yawanci tun shekarun balaga yake farawa. Ni dai tun ƙaramar sakandare ne. Ta tambayeni ko ina shan wani abu don in samu ƙwarin gwiwa, bata yi tambayar da fuskar tuhuma ba, tace samari da yawa ta nan suke faɗawa tiramol da kodin, mutum zai je zance ko zai tsaya gaban aji sai ya ɗan sha don bakinsa ya buɗe. Nidai Allah ya tsareni amma nasan waɗanda haka ta faru dasu, kuma ko da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ai tsoron da ke cikin ƙirjin yaran nan bai tafi ko ina ba.

Hanyar da take bi sunanta CBT, wato magani ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, asalinta daga wani likita ne Aaron Beck a Amurka a shekarun 1960, sai wasu masana biyu a Ingila, Clark da Wells, suka fitar da tsari na musamman akan wannan tsoron a 1995, shi take amfani dashi. Kada kaje da tunanin nasiha za'a maka ace kayi haƙuri ka daure, aiki ne sosai harda na gida. Ta sa na lissafo duk dabarun da nake yi don in ɓuya a cikin mutane: danna waya ba dalili, zama a layin baya, maimaita magana a zuci sau da yawa kafin in faɗa, sunkuyar da kai. Ni a ganina su suke cetona. Tace a'a Malam, su suke riƙe da ciwon, domin duk sanda ka fita lafiya sai zuciyarka tace ai don ka sunkuyar da kai ne, bazaka taɓa gane cewa ko ka ɗago ba abun da zai faru ba. Kuma mai wannan tsoron hankalinsa gaba ɗaya yana kan kansa ne, yana sauraron bugun zuciyarsa yana auna muryarsa, baya ma ganin mutanen da yake tsoro.

Wanda yafi tsaya min a rai shine ranar bidiyo. Ta kira wani ma'aikacinsu ya zauna, tace in masa bayanin aikina na ɗan mintuna tana ɗauka da waya. Kafin mu kalla ta bani takarda in rubuta yadda nake zaton na fito, na rubuta hannu yana karkarwa, zufa ta wanke min fuska, magana ba kai. Da aka kunna sai naga wani mutum zaune da hularsa yana magana a hankali, ya ɗan tsaya sau ɗaya ya ci gaba, hannun da nake ji kaman zai cire ko alamar motsi babu. Na daɗe ina kallon wayar nan bance komai ba. Daga nan aka fara bani aikin gida daga ƙarami zuwa babba, in tsaya in yi ciniki a kasuwa har in nemi ragi, in ɗaga baƙuwar lamba, in yi tambaya a taron wajen aiki, can gaba kuma in ja sallar isha'i a gida da ƙannena. Wani satin inyi wani satin in kasa, in na kasa bata faɗa, sai mu zauna mu duba a ina abun ya tsaya.

Wani abu kuma da nasan zai dami mutanenmu, bata taɓa cewa in bar addu'a ko azkar ba, cewa tayi in riƙe su in haɗa da wannan. A gida an daɗe ana cewa ko sammu ne ko shafar aljanu, bata zagi kowa ba, bayani kawai tamin yadda jiki ke sakin sinadarin da ke sa zuciya gudu in ya zaci akwai haɗari. Maganar magani kuma tace in ta kama zata turani wajen likitan ƙwaƙwalwa, akwai irinsu sertraline da ake bayarwa amma sai anyi makonni kafin a ga aikinsu, kuma ta ja min kunne sosai akan siyan diyazafam a kemis don yana kama mutum.

Toh yanzu inda suka gaza. Kuɗin yayi yawa gaskiya, kowane zama da kuɗinsa kuma abu ne na wata uku zuwa huɗu, mai ƙaramin albashi zai ji a jikinsa. Fom ɗinsu da takardun aikin gida duk da turanci suke, ita tana Hausa tsaf amma in ka koma gida kai da takarda ne, mahaifiya ko wanda bai yi boko ba ya zai yi? Sai ɗakin jira, wannan ya min ciwo, kujeru suna kallon juna kuma yarinyar da ke kan tebur ta ɗaga murya ta kira cikakken sunanka, a wajen da rabin masu zuwa tsoron ido ne ya kawosu. Na faɗa ma Hajiya tace zasu gyara, zuwa yanzu dai sai an dace. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a rufa masa asiri, ya kamata hakan ya fara tun daga teburin karɓar baƙi. Zama ta bidiyo ma suna yi amma in netwok ya tsinke a tsakiyar magana mai nauyi abun ba daɗi.

Duk da haka in ka tambayeni zan ce kaje, kuɗina bai tafi a banza ba. Har yanzu gabana yana faɗuwa wani lokacin amma ina zuwa taro, ina ɗaga waya. Wanda bashi da halin na kuɗi akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa nan Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, a Kano akwai Dawanau da sashen da ke asibitin Malam Aminu Kano, sai dai layi da jira. Ko ina zaka je dan Allah ka tambaya ko suna yin CBT kuma ko akwai aikin gida, in ka ji zama kawai ake ana hira wata da watanni ba a taɓa turaka ka gwada komai a waje ba, ka nemi a canza maka wani.