Sharhi: kamshaf ɗin XE262H da manifol ɗin Performer a injin Chevrolet 350

Tsohuwar akori-kura ce gare ni, Chevrolet C10 mai injin 350, wato lita 5.7, kuma ita nake hawa kullum a nan Texas. Na sa mata kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na injin) ɗin Comp Cams XE262H tare da manifol (bututun da ke raba iska da fetur zuwa silinda) ɗin Edelbrock Performer, kuma gaskiya kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Abin da ya ja ni gare su shi ne jituwarsu. Kamfanin ya tsara kamshaf ɗin don juyi 1,300 zuwa 5,600 a minti, manifol ɗin kuma daga silo zuwa 5,500. Motar titi a nan take rayuwa. Kamshaf ɗin yana riƙe bawul ɗin shiga a buɗe na digiri 218 na juyin injin, na fita 224, matsakaici ke nan. Shi kuwa manifol, cikinsa a rabe yake gida biyu, kowane ɓangare na ciyar da silinda huɗu, shi ya sa iska da fetur ke shiga da gudu ko injin yana juyi a hankali. Da danja ta ba da hannu na ɗan taɓa totur, sai motar ta zabura, ba shaƙewa, ba jinkiri. A silo akwai 'yar gurnani mai daɗin ji, amma sitiyari ba ya rawa a hannu.

Inda na fi damuwa shi ne birki, don da yara nake yawo. Babban kamshaf yana barin bawul ɗin shiga da na fita a buɗe lokaci guda na tsawon lokaci, sai zuƙar iskar injin ta ragu, alhali da ita birki ke samun taushi. Wani abokina mai shago ya lallaɓe shi ya sayi ƙaton kamshaf da manifol mai buɗaɗɗen ciki, irin na filin tsere. Ƙara kam sai ka ce aradu, amma a cunkoso motar mutuwa take yi, birkin kuma sai ya danna da dukkan ƙarfinsa. Nawa birkin yana nan lafiya lau.

Idan allurar juyin injin ta wuce 5,500 ƙarfin yana sanyi, wannan haka aka ƙera su. Mai son fiye da haka ya duba Performer RPM, mai aiki daga 1,500 zuwa 6,500, ya haɗa shi da kamshaf daidai shi.

Tashin injin na farko bayan sa kamshaf ɗin kuma ba wasa ba ne, domin tafet ɗinsa, wato ƙarfen da ke gogar kamshaf yana tura bawul, ba mai taya ba ne. A zuba baƙin mai mai sinadarin zinc, a riƙe injin tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, kada a bar shi a silo. A kuma canza sifirin bawul zuwa wanda kamfanin Comp Cams ya ce, don tsofaffin sun riga sun gaji.