Zagaya Tsohon Garin Hanoi a Ƙafa: Wane Ɗan Rakiya Za Ka Ɗauka?

Tsohon garin Hanoi, babban birnin Biyetnam, ba wani faɗi gare shi ba. Daga tafkin Hoan Kiem zuwa kasuwar Dong Xuan tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba, shi ya sa wasu ke ganin biyan ɗan rakiya asarar kuɗi ce. Ni ban ga haka ba, domin abin kallon wurin ba a bakin titi yake ba.

Mutanen garin na kiran unguwar "tituna 36". Yawancin sunayen da kalmar Hang suke farawa, wato haja, kamar dai yadda muke cewa 'yan goro ko 'yan gishiri a kasuwa. Hang Bac layin maƙeran azurfa ne, Hang Ma kuma na masu kayan takarda da ake ƙonawa domin mamata. Tun shekarar 1010 da Sarki Ly Thai To ya dawo da fadarsa nan masu sana'a suka riƙa taruwa, kowane ƙauye da layinsa. Gidajen matsattsu ne ta gaba amma da zurfi ta ciki: shago a ƙofa, sai tsakar gida, sai ɗakuna a can ƙurya. Baƙon da ke tafe shi kaɗai shagon kawai zai gani.

Zagayen ayari shi ne mafi araha, sai dai ba kai ke da ta cewa ba. Ƙarar babura ba za ta bar na baya ya ji bayani ba, kuma sau da yawa a kan biya da ku wani shagon siliki ko na kayan tsaraba da ba ku nema ba. Keken fasinja da ake kira siklo ya dace da dattijo ko mai ciwon gwiwa, amma kallo ne kawai daga zaune, kuma a gama ciniki kafin a hau. Akwai kuma ɗaliban jami'a masu raka baƙi kyauta don su goge Turancinsu. Kai za ka biya kuɗin shiga da abin sha na ku duka. Hirarsu da daɗi, zurfin tarihi kuwa sai wanda ka dace da shi.

Zaɓina shi ne ɗan rakiya na kanka, mai katin izinin aiki, na awa uku zuwa huɗu. Ga Musulmi, babban dalilin abinci ne. Naman alade ya ratsa girkin Hanoi: bun cha da garin ya yi suna a kansa gasasshen alade ne, shi ma burodin banh mi yawanci da haɗin alade ake cika shi. Ko miyar pho ta naman sa ce, tambayar yanka na nan. A cikin ayari ba mai tsaya maka kan wannan, amma naka ɗan rakiyar zai tambayi mai girki da harshensu, ko ya kai ka gidan cin ganyayyaki na mabiya Buda, inda ake rubuta "chay" a allo. Zai kuma iya tsara tafiyar ta faɗo Masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc daidai azahar. 'Yan kasuwar Indiya ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma yana dab da kasuwar Dong Xuan.

Kafin ka biya, ka nemi a rubuto maka hanyar da za a bi. In babu tsohon gidan lamba 87 a titin Ma May, inda za ka ga yadda cikin waɗannan gidaje yake, ko ƙofar O Quan Chuong ta 1749, wadda ita kaɗai ta rage cikin tsoffin ƙofofin birnin, to sayayya za a kai ka, ba tarihi ba. Ka tambaya ko farashin na mutum ɗaya ne ko na ku duka, ko kuɗin shiga na ciki, da abin da za a yi in ruwa ya sauko. Ka kuma nemi saƙon murya daga wanda zai raka ka, ba daga ofis ba, don ka ji ko kana gane Turancinsa.

Batun lokaci, safiya ta fi, musamman daga Yuni zuwa Agusta da zafi da gumi ke tsananta. Oktoba da Nuwamba sun fi daɗin yawo. Daren Juma'a zuwa Lahadi akan rufe wasu titunan ga ababen hawa a ci kasuwar dare daga Hang Dao har Dong Xuan. Wannan kam da kanka za ka je, ba sai ka biya kowa ba.