Ƴar rediyon Littafi Mai Tsarki da na saya, wata 5 ke nan

Ƴan uwa masu tambayata ko ƴar rediyon nan mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ta cancanci kuɗinta, amsata e ce, amma bari in faɗa maku yadda anka yi har ta shigo hannuna.

Bara munka yi adashi mu 10 a zumuntar mata, uwar adashin kuwa mace ce da nike kira Mama, ita ta riƙe mani jariri ranar suna, ita ta san duk wani sirrin gidana. Da kwasata ta zo sai anka fara yau da gobe, ƙarshe kuɗin sunka bi ruwa, kuma abin da ya fi ci mani rai shi ne maganganun da na faɗa mata ina kuka su na riƙa ji a bakin mutane har unguwar Mabera a nan Sakkwato. Na daina zuwa sujada. Littafin ma in na buɗe sai idona ya cika da hawaye in rufe.

Ƙanwata ce ta ja ni wani shagon littattafan Kirista, muka sayi ƴar rediyon naira 12,000. Ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba, da memori a ciki tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, bayanta kuma akwai sola, in NEPA sun ɗauke sai in aje ta bisa katanga, ranar Sakkwato ai ba ta rowa. Caji ɗaya na kai mani kwana 2 in ban ƙure murya ba.

Wani dare cikin zafin Afrilu muna kwance a tsakar gida, na kunna ta can ƙasa-ƙasa kusa da kunnena don kar yara su tashi, sai ta kai Zabura 55, inda Dawuda ke cewa da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke tafiya Haikali tare. Na tashi zaune, na maido ta baya har sau 4. Ashe Allah ya san irin wannan ciwon, har ya bari anka rubuta shi. Daga nan na koma labarin Yusufu da ƴan uwansa, na lura shi ma sai da ya yi kuka sosai kafin ya rungume su, wannan ya kwantar mani da hankali don ni har yanzu ban kai ga runguma ba.

Matsalarta, neman aya wahala, ba allo, sai ka yi ta danna maɓalli kana ƙirga surori, kuma in ta faɗi sai ta koma farko. Lasifikar na ɗan karkarwa in an ƙure. Mai karatun kuma Hausarsa ba irin tamu ba ce, kakata ta ce tana ganewa amma yana sauri. Mai shagon dai ya kyauta, da wayar cajin ta lalace ya canza mani ba ko sisi.

Lahadi 3 ke nan da na koma coci. Mama na zama a layi na biyu, makon jiya ta ce sannu ɗiyata, na ce yawwa Mama, muryata na rawa. Kuɗin ba ta biya ba, na faɗa wa fasto kuma ya sa mana ranar zama.