Wata uku ina kiɗa da gurji: abin da na gani a Makey Makey

Ƙanena ne ya zo min da Makey Makey, wata 'yar na'urar lantarki da ake jonawa da kwamfuta, daga Amurka a ƙarshen damina, ya ce wajen dala 50 ya saye shi. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a Zariya, kuma na daɗe ina neman abin da zai sa ɗalibaina su ji aikin lantarki da kunnensu, domin zanen batir da waya a kan allo ya ishe su, ni ma ya ishe ni.

A cikin kwalin akwai ɗan faranti da bai fi tafin hannu ba, da wayar USB, da wayoyi 7 masu bakin kada, wato bakin da ke cafke abu, da wasu sirara guda 6. Jay Silver da Eric Rosenbaum ne suka ƙirƙiro shi lokacin suna ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka, suka fito da shi a 2012 da kuɗin da jama'a suka tara musu a Kickstarter, shafin tara kuɗi na intanet. Da ka jona shi, kwamfuta za ta ɗauke shi kamar allon madannai ne, ba sai ka sauke wata manhaja ba. Waya ɗaya ka maƙala ta a layin ƙasa da aka rubuta EARTH, ka riƙe ɗaya bakin a hannu. Wata wayar kuma ka maƙala ta a gurbin wani madanni a farantin, ka cusa ɗaya bakin a jikin ayaba. Da ka taɓa ayabar da ɗaya hannun, wata 'yar wuta da ba ka ko jin ta za ta ratsa jikinka ta koma farantin, kwamfuta ta ce an danna madanni. Wutar USB ce, bolt 5, ba ta jan mutum. Guraben maƙala waya 6 ne a gaban farantin, 12 a baya.

Daren farko na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kwaso duk abin da ke kicin. Gurji ya amsa nan take. Kankana, tumatir, lemo, ɗanyen dankali, duk sun amsa. Rake sai da na fere shi. Curin fura ya yi aiki, malmalar tuwo ma haka, da jiƙaƙƙen yumɓu, da ganyen zogale idan ɗanye ne. Ƙuli-ƙuli ya ƙi. Busasshen dabino ya ƙi, aya ta ƙi har sai da ta kwana a ruwa. Goro ya amsa da na ɓare shi na soka wayar a tsakiya. Washegari na kai wannan tarkacen aji ban ce komai ba, sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, ashe ruwan da ke ciki ne ke ɗaukar wutar.” Na shekara shida ina rubuta wannan a allo. Ranar ce na ga an gano shi da hannu.

Abinci ba abin wasa ba ne a gidanmu, don haka na daina cusa bakin kadan kai tsaye. Yanzu wankakken cokali mai yatsu nake sokawa, in maƙala wayar a jikin cokalin, in an gama a wanke kayan a ci.

Da hunturu ya kama, fatar hannu ta bushe, sai na ga wasu yaran suna taɓawa shiru. Busasshiyar fata ba ta barin wuta ta wuce sosai. Muka ajiye ɗan kofin ruwa a gefe, kowa ya jiƙa yatsa kafin ya fara. Na kuma naɗe takardar alminiyom kamar awarwaro, aka riƙa ɗaura wayar ƙasa a wuyan hannu, hannuwa biyu suka samu sakewa.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen sauti. Gwaggona tsohuwar makiɗiyar ƙwarya ce, ta yi amada a gidajen biki tun kafin a haife ni. Na roƙe ta ta buga min ƙoren ta ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ake kifawa a kan ruwa, na ɗauki sautin da wayar hannu, na yayyanka, na zuba su a Scratch, manhajar yara ta MIT da ke aiki ko babu intanet. Kowane gurji na ba shi bugu ɗaya. Na zaunar da ita, na ɗaura mata awarwaron. Ta taɓa, ta ji muryar ƙwaryarta ta fito daga lasifika, ta ce, “Ikon Allah!” Ta yi ta bugawa kamar minti biyar, sannan ta janye hannu.

“'Yar nan, abin nan ba ya jin hannu.”

“Kamar yaya, Gwaggo?”

“Na lallaɓa shi, na make shi, amsa ɗaya yake ba ni.”

Gaskiyarta. Makey Makey makunni ne, abu biyu ya sani: an taɓa, ba a taɓa ba. Haka aka gina shi, kuma masu shi ba su ce ya wuce haka ba. Sautin ma ba daga gurjin yake fitowa ba, yana cikin kwamfuta, gurji ƙofa kawai yake buɗe masa. Kiɗanmu kuwa a nauyin hannu yake zaune. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata har gangar ta faɗi sunan mutum, mai ƙwaryar ruwa tana ɗan ɗaga gefenta murya ta sauya. Wanda ya sayi wannan faranti da niyyar jin muryar kankana ita kanta, ba nan zai same ta ba.

Maganar Gwaggo ce ta kai ni wurin wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Ya ciro min ɗan faifan tagulla mai suna fiyezo daga wani mataccen agogo mai ƙara, ya liƙe masa waya da dalma, muka jona a ƙaramar amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Shi fiyezo girgiza yake mayarwa lantarki, saboda haka abin da ka manna shi a kai, muryarsa ce za ka ji. Na manna shi a bayan ƙwarya, na zubo gero a hankali: ruwan sama a kan kwano. Na ja karan dawa a gefenta, na ji wani gurnani da ban taɓa sanin ƙwarya na da shi ba. Gwaggo ta shafa da farce, ta buga da tafi, ta gyaɗa kai.

Duk da haka ban ajiye Makey Makey ba, kuma malamin da ya tambaye ni zan ce ya saya in da hali. Ba ya buƙatar dalma, yarinya 'yar shekara takwas tana haɗa shi da kanta, kuma ya jure hannun ɗalibai arba'in wata uku. Kuɗinsa da nauyi idan aka juya shi zuwa naira, ga shi sai da kwamfuta, don haka ɗaya ya ishi makaranta a riƙa zagayawa da shi. Abin da 'yan ajina suka fi so shi ne su yi da'ira su riƙe hannun juna, ta farko da wayar ƙasa, ta ƙarshe ta taɓa lemo, ƙwaryar Gwaggo ta amsa ta jikin mutum goma sha biyu. Mako mai zuwa za mu haɗa biyun a kiɗa ɗaya, gurji na riƙe da bugun ƙasa, gero na zuba a ƙwarya mai fiyezo, kuma Gwaggo ta ce a zo a ɗauke ta da ƙorenta.