Faranti ko sassaƙa: hanya biyu na ɗora saitin jan ɗigo a kan fistol

Ɗan'uwa da ke zaune a Texas, tambayarka ita ce kana da Glock 19 irin ta da, wadda ba a yanke mata gurbin saiti daga kamfani ba, kana son ɗora mata jan ɗigo (wato 'yar na'urar saiti mai gilashi da ke nuna ɗigo ja a kan abin da ake auna) mai araha don atisaye a filin harbi: ka sa faranti a gurbin saitin baya, ko ka kai wa maƙerin bindiga ya sassaƙe saman? Ga 'yan'uwa na gida Najeriya, wannan magana ta Amurka ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisin shugaban ƙasa.

Faranti dai sha yanzu magani yanzu ne. Ana fitar da saitin ƙarfe na baya daga tsagarsa, a zura farantin, a ɗaure na'urar a kai. Kuɗinsa yawanci bai kai dala 100 ba, kuma ranar da ka gaji sai ka cire ka mayar da bindigarka yadda take. Matsalarsa tsayi. Na'urar takan yi cirko-cirko a sama, ɗigon ya riƙa ɓace maka idan ka ɗago, tunda hannunka ya saba da layin saitin ƙarfe. Yawanci kuma ka rasa saitin baya gaba ɗaya, batir na mutuwa ba ka da madogara. Sannan duk harbi silaid, wato ƙarfen saman bindigar, yakan yi baya ya dawo da ƙarfi, kuma wannan duka a kan 'yar tsaga ɗaya yake ƙarewa. Yau da gobe farantin yakan goce gefe.

Sassaƙa ta fi tsada, dala 100 zuwa 200 a yawancin wurare, ga jiran makonni, ga kuɗin sake rufe ƙarfen da aka yanke don kada ya yi tsatsa. Amma na'urar takan zauna a ƙasa, ƙarfe ya tokare ta gaba da baya, ba sukuru kaɗai ke ɗauke da nauyin dukan ba. Idan ka sa dogayen saitin ƙarfe, za ka riƙa hango su ta ƙasan gilashin.

Inda mutane ke yin asara shi ne nan: ba a kai silaid wurin maƙeri sai an zaɓi na'ura. Kamar shadda ce a hannun tela, in almakashi ya shiga ba gyara. Kowace na'ura da tsarin ramukanta. Holosun 407C da 507C suna hawa gurbin Trijicon RMR. Burris FastFire 3 da Vortex Venom na tsarin Docter ne, ba za su zauna a wancan gurbin ba. Masu harafin K na Holosun kuwa an yi su ne don siraran bindigogi, kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ka. Ni a ganina ka yanke gurbin RMR, domin shi ne aka fi yi wa na'urori, daga mai araha har mai tsada. Ka fara da 407C, wadda ke tsakanin dala 200 da 250, in hali ya samu ka hau RMR ɗin kanta, mai kusan ninki biyu, ba tare da ka sake taɓa ƙarfen ba. Ta wani ɓangaren ma mai arahar ta fi daɗin sha'ani: batirinta CR1632 ta gefe ake zaro shi, alhali RMR Type 2 sai an kwance ta gaba ɗaya, a sake duba saiti.

Akwai hanya ta uku, wato sayen wani silaid da aka riga aka yanke, ko musanya bindigar da samfurin MOS, wanda Glock ke yanke wa gurbin na'ura tun daga kamfani. Sai dai shi ma MOS da faranti yake aiki, mai faɗi dai da aka binne cikin silaid.

To wanne? Idan ba ka taɓa harbi da jan ɗigo ba, ka fara aron ta wani ko ka yi haya a filin harbi, musamman in idonka na da matsalar da ke sa ɗigo ya tarwatse kamar tauraro. In ya karɓe ka, tsallake faranti ka sassaƙa. Faranti na mai gwaji ne, ko mai bindigar da ba ya son a yanka.

Ranar ɗauri, ka cire gidan harsashi, ka duba cikin bindiga da ido. Ka goge mai daga ramuka, ka ɗiga Loctite (gam mai hana sukuru kwancewa) shuɗi, ba ja ba, ka ɗaure da maɗauri mai awo daidai yadda takardar na'urar ta ce. Na Holosun wajen inci-fam 15 ne. Ka kula da sukurun dama a kan Glock: in ya yi tsawo yakan danne sandar da ke tura abin fitar da kwanso, bindiga ta fara cijewa. Ka ja layin fenti daga kan sukuru zuwa jikin na'ura don ka gane in ya motsa, ka daidaita saiti a yadi 15 ko 25, sannan ka gwada kubenka, domin yawancin tsofaffin kube ba su da tsagar da na'urar za ta shige.