Gargaɗi ga masu kiwon murjani a Zariya: a yi hattara da mai tallar fitilun nan

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke tallar fitilun tankin ruwan gishiri a WhatsApp da Facebook, kuma a 'yan kwanakin nan ya juyo kan mutanenmu na Samaru da Sabon Gari waɗanda suka fara kiwon murjani mai rai, wato halittar tekun nan da ake kira coral, a gida. Kama sunansa ba zai amfana komai ba, don yau wannan suna, gobe wata lamba. Salonsa ne ba ya canzawa.

Zai turo maka hoton fitilar babban kamfani irin su AI Prime ko Kessil, ya ce kayan Legas ne, saura biyu kacal, ya yanka maka farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Sai ka tura kuɗi duka kafin ya ba direba, kuma sunan da ke kan asusun daban da wanda ya gaya maka. Wani ƙanena ya je Kwangila ya karɓo nasa saƙon, muka buɗe kwalin tare. Fitila ce ta roba, ba nauyi, ba fanka, ba ƙarfen da ke zuƙe zafi a bayanta, an manna mata takardar kamfani har gefe ɗaya ya fara ɓantarewa. AI Prime ta gaske tana haɗuwa da manhajar kamfanin a waya, tana jan wat hamsin da 'yan kai. Wannan kuwa ɗan maɓalli ɗaya gare ta, irin na fitilar ado ta shagon aski.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne fitilar tana kamawa, kuma shuɗi take bayarwa. Nan ne tarkon yake. Murjani yana ƙyalli a ƙarƙashin kowane shuɗin haske, kore ya fito shar, ruwan lemo ya yi kamar wuta, sai mutum ya ɗauki bidiyo ya tura wa mai kaya godiya. Shi kuma ya ɗauki wannan godiyar ya yaudari na gaba da ita. Alhali ƙyalli daban, abinci daban. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ake kira zooxanthellae, su ke sarrafa haske su ciyar da shi. Suna buƙatar shuɗin da ke wajen nanomita 420 zuwa 470 a ma'aunin launin haske, kuma da ƙarfin da zai ratsa ruwa ya kai inda murjanin yake zaune. Ana auna wannan ƙarfin da abin da ake kira PAR. Murjani mai laushi yana rayuwa a kan 50 zuwa 150, masu ƙashi da rassa irin su Acropora kuwa sai 200 zuwa sama. Idon mutum ba ya iya wannan awon.

Kuma yunwar haske ba ta kisa a rana ɗaya. Makonni ake ɗauka. Murjanin zai dusashe, ya koma ruwan ƙasa, ya riƙa miƙewa sama yana neman haske, daga baya ya daina buɗewa. Kafin mai tanki ya gane, ya gama zargin gishiri, ya zargi zafin Zariya na watan Afrilu, ya canza ruwa har ya gaji. Lokacin da zai waiwayi mai fitila, tuni an toshe lambarsa. Halitta ce mai rai da aka ɗauko daga nesa da kuɗi masu yawa, ta mutu a banza saboda son zuciyar mutum ɗaya.

Ba cewa nake yi sai mai tsada ba. Ƙaramin tanki na lita 40 ko 60 da murjani mai laushi ba ya buƙatar fitilar manya. Akwai masu araha na gaskiya irin su Nicrew da Noopsyche, kuma mai arahar da ta zo da sunanta na asali ta fi mai babban suna na jabu. Amma kada lambar wat ta ruɗe ku. Baƙaƙen fitilun nan da ake rubuta wa 165W, lissafin ƙwayaye 55 ne sau wat 3, wutar da suke ja a zahiri ba ta kai haka ba.

Duk wanda zai saya, ya ce a kira shi ta bidiyo, a nuna masa fitilar a kunne, a juya bayanta ya ga lambar kamfani, a haɗa ta da manhaja a gabansa. Ya duba adaftar ko an rubuta 100 zuwa 240V, domin kayan da aka yi don Amurka kaɗai 110V ne, wutarmu za ta ƙona su nan take. In da hali, a sa wani ɗan uwa a Legas ko Kano ya je ya gani da idonsa kafin kuɗi su fita. Mutumin nan da an ambaci bidiyo sai ya ce kyamararsa ta lalace.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hirarsu, ya garzaya bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Wanda kuma fitilar ke kan tankinsa yanzu, ya matso da murjanin sama kusa da haske kafin ya samu wata. In sabuwar ta iso, ya fara da ƙaramin ƙarfi yana ƙarawa sannu a hankali cikin makonni biyu zuwa uku, don murjanin da ya daɗe a duhu yana yin fari fat idan aka sakar masa haske gaba ɗaya.