Sharhi kan wani shagon gyaran inji a Ladipo: sun auna kafin su ɗaura

A kasuwar Ladipo da ke Mushin a Legas, da yawa daga cikin masu sayar da kayan mota za su ce maka injin Chevrolet mai silinda takwas duk ɗaya ne, kayan wannan suna shiga wancan. Shagon da muka kai wa injin motar Chevrolet Suburban mai lita 5.3, bayan mun sayo masa bulok (wato gangar jikin inji) na tokumbo da ya fi na asalin sabunta, bai yarda da wannan magana ba, kuma a kan haka nake yaba masa.

Kafin su ɗaura komai, sai da suka sa ma'auni a ramuka biyar da bushin kamshaf ke zama. Kamshaf ita ce sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, bushi kuma zoben ƙarfe ne da take juyawa a ciki. A wannan dangin inji na LS, wanda kamfanin GM, mai ƙera Chevrolet, ya fito da shi a 1997, kaurin wuyan kamshaf, wato inda take zama cikin bushi, milimita 55 ne a tsoho da sabo, saboda haka sandar tana shigewa ba gardama, kuma a nan ne mai gaggawa yake ruɗuwa. Wajen shekarar 2004 an faɗaɗa wasu daga cikin ramukan bulok, ta yadda bushin tsohon ba ya kamawa a sabon. Idan kuwa bushi ya juya a mazauninsa, yana iya toshe hujin baƙin mai, wuyan kamshaf ya cinye, aikin ya koma ɗanye. Babban makaniken ya nuna mini cewa kowane bushi yana da nasa gurbin, ba a musanya su.

Sun kuma duba mazaunin sansar kamshaf, wato na'urar da ke sanar da kwamfutar mota juyawar sandar, domin a tsofaffin injinan tana bayan bulok ne, yayin da a waɗanda suka fara fitowa daga 2005 aka mai da ita murfin gaba. Wanda ya sa sabuwar sanda a tsohon bulok zai iya tarar da kwamfutar mota ba ta ganin kamshaf ɗin.

Aibinsu shi ne jinkiri: ba su ajiye bushin sabon bulok ba, sai da aka nemo, kuma ba sa rubuta wa mai mota awon da suka ɗauka sai ya matsa. Kuɗin aikinsu ma ya ɗara na maƙwabtansu. Masu Corolla da Camry ba su da wannan matsala, tunda kamshaf ɗinsu a cikin kan inji (silinda hed) yake juyawa ba tare da bushi ba, amma mai babbar motar Amurka da zai haɗa tsohon kaya da sabon bulok ya fi dacewa ya biya wannan ƙarin.